Jinin da Bai Fito Waje Ba

Ranar Lahadi, bayan sujadar safe, na ba da wannan shaida a gaban Fasto da dattawa da matan zumunta, a nan unguwar Bagadaza, cikin garin Gombe. Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu.

Sunana Bitrus. A da ni mai karanta labarai ne a gidan rediyo. A shekarun da bam ke tashi a garin nan, ina cikin tasha zan hau motar Kwadon, sai ɗaya ya tashi. Kaina ya bugu a jikin mota. Na miƙe, na kaɗe riga, na tako gida da ƙafata.

Matata Saratu ta duba ni, ba ta ga jini ba. Muka yi godiya. Ta gasa min kumburin da ruwan zafi, ta shafa man zafi, yadda muke yi wa targaɗe. Muka ce a bar asibiti ga masu rauni na gaske.

Washegari na yi ta amai, bakina ya karkace. Maƙwabcinmu Malam Modu, ɗan Borno da rikici ya koro, ya leƙo ya ce, "Maman Rifkatu, ɗauko mayafinki. Wannan ba aikin ruwan zafi ba ne." Shi ya kai ni a motarsa. Ashe jini ne ya taru cikin kai.

An yi min aiki, na rayu, amma magana ta tafi, hannuna na dama kuma ya shanye. Ina kallon 'yata Rifkatu, na san ta, sunanta ya ƙi fitowa.

Wani likita ya gaya wa Saratu cewa a ƙasashen waje ana binciken wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, waɗanda za su ɗauki saƙon halitta su shiga ƙwaƙwalwa su kashe kumburi. Ta ce, "Likita, a ina ake sayarwa?" Ya ce, "Mama, har yanzu a kan ɓeraye ake gwadawa."

Na ɗora raina a kan wannan magani. Na daina zuwa koyon magana, ina jiran a kawo. Na yi fushi da Allah, ban ma da bakin faɗa masa.

Wata rana da hantsi Saratu ta durƙusa ta ce, "Ubangiji, ba rediyo muke roƙo ba. Ka ba shi sunan 'yarsa." Na yi kuka, na koma koyo kamar ɗan aji ɗaya. Da damina ta faɗi, yarinyar tana wucewa da tire, na ce, "Rifkatu." Tiren ya faɗi. Yabo ga Ubangiji!

Na gode masa. 'Yan'uwa, ku dogara gare shi, kuma wanda ya bugu a kai, ku kai shi asibiti ko bai zub da jini ba.

Maganin nan bai iso Gombe ba. Hannuna na dama bai dawo ba, shirina na rediyo kuma an ba wani.