Fuskar Buwai a Majigi

Raina abu tun ba a duba shi ba mugun hali ne. Shekarar tsadar mai, a tashar Bici, wani dattijo na kallon tsohon majigi a waya, wani saurayi ya leƙo.

"Baba, fim ba kala? Ai ciwon ido ne."

"In babu kala, fuskar mutum kake kallo, ba rigarsa ba. Manoman gyaɗar Dawakin Tofa ne. Duba."

"Garinmu ne, amma ba na kallon toka."

Dattijo ya sa waya a aljihu, ya shiga mota. "Ɗan gidan waye kai?"

"Jikan Buwai ne. Ya rasu ba a haife ni ba."

"Buwai Dogo? Shi ke ɗaga buhu a cikin fim ɗin."

Mota ta tashi. Saurayi bai san sunan fim ɗin ba, bai san sunan dattijo ba, bai ga fuskar kakansa ba.