Ina Busa Usur Aka Binne Inna

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Sani daga Yelwan Yauri.

Bara na tafi Nijar aikin sa kai, ina koya wa yara Turanci da motsa jiki. In zan shiga fili, kashe waya nake yi. Wata Laraba muka yi gasar gudu tun safe, ban kunna ba sai azahar. Yayana ya kira ya ce, "Sani, sai haƙuri. Mun neme ka har mun gaji. Yanzu muka kai Inna makwancinta."

A gida na tarar da kifin da ta yi mini banda, ba a kai ga aiko mini ba.

Yaran suna ta kira in koma. Jama'a, ku ba ni shawara. Wallahi ko usur na ɗauka, sai in ajiye shi ban busa ba.