Hayaƙin Tagullar Maƙwabcinmu

Assalamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu. Ni ce Rabi daga Misfala, Makka.

Maƙwabcinmu Alhaji Sale maƙeri ne. Yana narka tagulla, yana wanke ta da ruwan batir, hayaƙin kuwa ɗakinmu yake shigowa. Ranar Talata numfashin mahaifiyata ya sarƙe, ta faɗi. Na ruga ina cewa, "Alhaji, don Allah kashe wutar nan, Inna za ta mutu!" Nan take ya kashe, ya nemo mota muka kai ta mustashfa, wato asibiti.

Likita ya ce kada ta ƙara shaƙar hayaƙin nan. To, da wannan wutar Alhaji yake ciyar da iyalinsa, kuma gobe za a sallamo Inna. Jama'a, ina zan kai ta?