Waƙar Niƙan Barakatu

Ranar kasuwar Shinkafi, wani baƙo ɗan Maraɗi ya zauna rumfar furar Barakatu yana ta cika baki.

"Inna, kin kalli gasar waƙa ta ƙasashe a talabijin? Mawaƙinmu na Nijar ya kada naku."

"Maccido? Na gani. Tasharku muke kamawa nan."

"Har sunanshi kin sani?"

"Ni na haife shi. Da anka hana kiɗan biki nan ne ya ƙetara wurinku."

"To ai ya zama namu."

Barakatu ta ci gaba da damun fura, daɗi fal ranta.

"Ku riƙe kofin gasar, Alhaji. Waƙar da ya ci da ita tawa ce ta niƙa, yana goye bayana ya koye ta. In rera maka baitin da ya manta?"