A Wanke Jaye Kafin Ranar Kasuwa

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Ranka ya daɗe maigari, shugaban wannan taro, Allah gafarta malam, limamin garinmu, mai girma wakilin sufurefe, shugaban hukumar yankinmu, da ya taso tun daga Agiye, sarkin noma, wanda bana sarauta ta rage masa, noma ya tafi, Ardo da jama'arsa, shugaban samariya, baƙinmu masu ɗaukar sinima daga Yamai, iyaye mata da ke can inuwar gawo, dattawa sa'o'ina, da mu ke nan kaɗan muka rage, jama'a maza da mata, assalamu alaikum.

Ina godiya ga maigari da ya ce in tashi. Ina godiya ga ɗanmu Dalhatu ɗan marigayi Ishaku, wanda ya yi lakol, makarantar boko, ya koyi aikin sinima, bai kuma manta hanyar gida ba, ya zo da mutanensa da akwatin hotonsa suka yi kwana goma sha biyu a cikinmu, suna ciyar da duk wanda ya yi musu aiki, a shekarar da uwa ke ɓoye wa ɗanta loma. Wannan alheri ne, ba na musunsa.

An ce da ni: "Mumuni, kai ne babba, ka sa wa baƙi albarka ka zauna." Albarka zan sa. Zama kuwa sai na gama. Ban yi lakol ba, ban san ko baƙi ɗaya na karatu ba, amma abin da ya faru a garin nan tun zamanin aikin tilas yana cikin kaina, kuma magana uku gare ni.

Ta fari, in faɗa wa jama'a irin sinimar da ake yi, don da yawa sun kalli aikin ba su fahimce shi ba. Ni na zauna da Dalhatu na tambaye shi, ya kuma yi mini bayani ba rowa. Ya ce wannan ba irin majigin da ake kawo mana ba ne na tsabtar rijiya da allurar shanu. Wannan iri ne da ake yi don zuciyar mai kallo ta yi ta bugawa, ya kasa tashi ko fitsari ya matse shi. Labarin shi ne an sace irin shuka daga rumbun gari, hadari ya fara haɗuwa, saura kwana uku ruwa ya sauka, in ba a gano iri ba gari ya mutu. Na ce, "To me ya sa kwana uku?" Ya ce, "Baba, in ba a ƙuntata lokaci ba, ba mai tsorata." Na ce, "Me ya sa kuke ɗaukar ƙafafun mutum ku bar fuskarsa?" Ya ce, "Abin da ido bai gani ba ya fi wanda ya gani ban tsoro." Ya ce kiɗa ma ba yanzu ba, sai can Yamai za a sa shi, kiɗa mai tafiya a hankali kamar saɗaɗen muzuru, sai ya tsaya cak, sai a buɗe ƙofa. Ya ce hoton da aka ɗauka yau a kan yanka shi a manna da na makon jiya, har mai kallo ya rantse a wuri ɗaya aka yi su. Duk wannan na ji, na kuma yaba. Sana'a ce, kamar ƙira, kamar jima.

Amma akwai wata dabara da ya ce ita ce gishirin aikin. Ya ce dole a sami mutum ɗaya da za a ɗora wa zato tun daga farko, a ja idon mai kallo zuwa gare shi kamar yadda ake jan jaki da igiya, kowa ya ce shi ne, shi ne, sai a ƙarshe a nuna ashe ba shi ba ne, wani ne can da ba wanda ya taɓa kawo shi a rai. Kuma dokar aikin, ba a faɗar ƙarshe. In an faɗi ƙarshe, in ji shi, sinima ta mutu.

Wa aka zaɓa ya ɗauki zaton nan? Jaye. Jaye na rugar Ardo, wanda ya shiga rani da shanu talatin da ɗaya ya fito da sanda kawai. Ga shi can zaune bayan mutane, shi kaɗai, kun bar fili tsakaninku da shi kamar mai kuturta. Ku waiga ku dube shi, kada ku ji kunya, ai kwana takwas ke nan kuna dubansa ta wutsiyar ido.

Magana ta biyu, abin da ya biyo baya. Ran Talata da hantsi, gaban kowa, aka sa Jaye ya raɓa bayan rumbu yana waige-waige. Dalhatu ya ce bai yi ba, a sake. Ya sake. Sau tara ya raɓa bayan rumbun nan. Aka yayyafa masa ruwa a goshi don ya zama gumi, matan da suka wuni bakin rijiya don tulu ɗaya suna kallo. Aka kawo akwatin hoto dab da idonsa aka ce ya zare su. Bawan Allah ya zare, don ƴaƴansa su ci. Ni da kunnena na ji wata daga cikin iyayenmu mata, ba zan kama suna ba, tana cewa: "Wanda ya iya saɗaɗe haka, wallahi ya saba."

Ran Alhamis sai ƙanena Ado ya buɗe rumbunsa, na gaske ba na sinima ba, ya tarar damin iri biyu da ya ajiye ba su. Tun daga ranar, Dija matar Jaye ta je rijiya sau uku, sau uku ana jan guga a gabanta ana cewa ba layinta ba ne. An daina amsa sallamarsa a bakin masallaci. Jiya na wuce ƙofar wani gida na ga samari suna gyaran gora, na ce, "Farauta za ku, a dajin da ko ɓera ya gudu?" Suka ce, "Baba, jibi kasuwar Gangara, akwai wanda za mu tara a hanya." Jibin jiya, jama'a, gobe ke nan.

Na je wurin Dalhatu na ce masa, "Ɗana, ka tara mutane ka wanke Jaye." Ya ce, "Baba, ai sinimar za ta wanke shi da kanta." Na ce, "Yaushe?" Ya ce, "In an gama yanka da manni, wata tara ko shekara." Na ce, "Za a kawo ta garin nan?" Ya ce, "In an sami mota." Ku ji fa. Zato yau, wanki baɗi, in an sami mota! Dalhatu, ba ka yi da mugun nufi ba, na sani. A Yamai mutum ya biya ya shiga, ya ji tsoro na sa'a biyu, ya fito ya sayi tsire. A nan ba ƙofar fita. A nan mai kallo da wanda ake kalla rijiya ɗaya suke sha, kuma cikin kowa ba kome. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, gari mai yunwa kuma ba wurin wasa da zato ba ne.

Ba da ka nake magana ba. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, a waccan yunwar, gero ya ragu a rumbun wani gida na unguwar yamma. Aka ce an ga Hamidu makiyayi ya bi ta wurin da la'asar. Gani kawai, ba kama ba. Muka tare shi a bakin kwari, mu bakwai. Na ce mu, ban ce su ba. Hannun nan nawa na dama ya ɗaga sanda. Hamidu bai mutu ba, amma bai ƙara miƙe bayansa ba, ya kwashi iyalinsa ya yi arewa, har yau ba labari. Da damina ta zo aka rushe rumbun don a sake shi, sai ga gara ta cinye shi ta ƙasa, ta yi hanya kamar hanyar mota. Mu bakwai, biyar sun riga mu gidan gaskiya. Ni da na shidan, da ke zaune nan yana duban ƙasa, mu muka san nauyin abin. Ba wanda ya nuna mana Hamidu sau tara kafin mu yi abin da muka yi. Yaran yau an nuna musu.

Ado, ƙanena, ban san wanda ya ɗauki irinka ba. Ko mutum ne, ko gara, ko wani na cikin gida da kukan yaro ya fi ƙarfinsa, Allah shi ne masani. Abin da na sani, ba ka ga Jaye da damin gero ba. Ka gan shi yana aikin da aka sa shi, kamar yadda aka sa ka kai ma ka riƙe musu jaki.

Magana ta uku ita ce mai nauyi, don alkawari zan karya. Dalhatu, na ga ka miƙe. Zauna, ɗana. Na goya ubanka a bayana ranar da kunama ta harbe shi, ba za ka tsayar da ni ba.

Ran Asabar aka ce muku an kai ni Gazawa ganin likita. Ba likita na gani ba. Wani gida aka kai ni, aka rufe ƙofa, aka sa ni gaban rumbu, na zura hannu na jawo dami, aka ɗauki hannun, sannan aka ɗaga akwatin a hankali har fuskata. Dalhatu ya ce ni ne daidai, tsoho mai furfura, mai riƙon amanar gari, wanda ba mai zato. Ya sa na rantse ba zan faɗa ba sai sinima ta fito. To, ga shi na faɗa. A cikin labarin nan ɓarawon iri ni ne, Mumuni ɗan Sha'aibu. Jaye kuwa, a ƙarshe, shi ne ke bin sawu ya gano irin, ya kawo wa gari ana gobe ruwa. Haka aka tsara. Dalhatu, in ƙarya na yi, ga jama'a, ka ƙaryata ni.

Kun ga bai ƙaryata ba.

Allah gafarta malam, na san rantsuwa tana da kaffara. In azumi uku ne, bana ba abu ne mai wuya ba, mun saba. Dalhatu, ka ce in an faɗi ƙarshe sinima ta mutu. Mutanen Yamai ba su ji ni ba, ka kai musu su ji tsoronsu. In kuwa ta mutu, ka yafe mini, na gwammace in yi jana'izar sinima da in sake tsayawa bakin kwari.

Saboda haka ina roƙon maigari abu biyu, a gaban wakilin hukuma. Gobe da safe Dija ta fara jan guga kafin kowa. Kuma Jaye ba zai tafi Gangara shi kaɗai ba, tare za mu tafi, kafaɗa da kafaɗa. Duk saurayin da ya gyara gora domin ɓarawon da ya gani a wasa, yanzu ya san ko wane ne, ya fara da ni.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Allah ya mayar wa makiyayi garkensa, ya mayar wa manomi irinsa. Allah ya kai baƙinmu gida lafiya, ya sa wa aikin Dalhatu albarka. Allah ya tsare hannuwanmu daga abin da za mu yi nadama a kai, ya sa Hamidu ya yafe mana, duk inda yake. Allah ya ja zamanin maigari, ya zaunar da garinmu lafiya.

Jaye, taso ka zauna nan kusa da ni.

Na gode.