Hannun Da Ya Ƙi Buɗewa

AUTA: Salamu alaikum. Baba? Baba, kana ji na?

BABA: Wa alaikumus salam. Wa ke magana?

AUTA: Ni ce, Auta.

BABA: Af, Likita! Muryar ce take zuwa a kakkarye.

AUTA: Baba, ka daina ce min likita, za ka ja min magana a wurin aiki. Ina wuni?

BABA: Lafiya lau. Ya aikin? Ya masu jinya?

AUTA: Da godiya. Ya ƙarfin jiki?

BABA: Jiki alhamdu lillahi. Ina maigidan naki? Ina amaryata mai ƙin gaisuwa?

AUTA: Duk suna lafiya. Tana makaranta, haƙorinta na gaba ya fita.

BABA: To ki gaya mata na fasa auren, ba ni da abin yi da mai wawulo.

AUTA: Zan gaya mata. Mama fa?

BABA: Tana tsakar gida tana wanki. In kira miki ita?

AUTA: A'a, mun yi magana da safe. Kai nake nema. Baba, ya hannun?

BABA: Wane hannu kuma? Na hagun da injin yanka katako ya ci, ai likitoci sun gama da shi. Dungun ya warke sarai, ko ƙaiƙayi ba ya yi.

AUTA: Mama ta ce jiya ka fasa kofi.

BABA: Oh ni! Yanzu kofi ma sai an kai rahotonsa? Zamewa ya yi.

AUTA: Ta ce da hagu ka miƙa za ka karɓa. Baba?

BABA: Ina jin ki.

AUTA: Ta ce kuma ƙwayar rage zafin da aka ba ka ta wata guda ta ƙare tun tuni, ka aika an ƙaro. Kuma ka daina leƙa shago, yaranka na aiki sai dai su zo gida su tambaye ka awo.

BABA: Uwarku dai bakinta ba ya gajiya.

AUTA: Tsoro take ji. Ni ma haka. Kana jin hannun, ko? Yana nan kamar ba a cire shi ba.

BABA: Ke, wace irin magana ce wannan?

AUTA: Baba, don Allah. Ni ce fa.

BABA: Hmm. To tunda kin tono. Yana nan. A dunƙule yake, kamar yadda na damƙe shi ranar da abin ya faru. Farata suna nutsewa a tafin hannuna, ina jin kowane ɗaya. In na duba, iska. Ki gaya min, wa zan faɗa wa wannan? Na soma gaya wa abokina mai walda, sai ya kalle ni irin kallon da ake yi wa wanda kansa ya taɓu. Daga ranar na kama bakina.

AUTA: Allah sarki Baba. Ka saurare ni da kyau. A sashenmu na gashin ƙashi, yawancin waɗanda aka cire wa hannu ko ƙafa suna jin irin wannan. Masana sun bincika, sun gano daga ƙwaƙwalwa ne.

BABA: Daga kwakwa? Ni rabona da kwakwa…

AUTA: Ƙwaƙwalwa, Baba! Ƙwaƙwalwar kai!

BABA: Yauwa. Na ji. Ke ma kin ce na haukace ke nan. To na gode, sai an jima.

AUTA: Kar ka kashe! Wallahi in ka kashe zan sake kira, in ka ƙi ɗauka in kira wayar Mama, in ta ƙi in hau mota in zo. Tambaya ɗaya zan yi maka.

BABA: Taurin kan nan dai ba a wurina kika ɗauko shi ba.

AUTA: A wurinka na ɗauko. In kana aske gemu, ko ruwa ya gangaro maka a kumatun hagu, kana jin abin a yatsun da babu?

BABA: Me kika ce?

AUTA: Baba? Layin ne?

BABA: Wa ya gaya miki? Ko uwarku ban gaya wa wannan ba. In reza ta bi ta gefen leɓena, a babban yatsa nake jin ta. Har wanzami na daina zuwa.

AUTA: Babu wanda ya gaya min. An gano haka a jikin mutane da yawa. Ka ga, a cikin kai akwai kamar zanen jiki gaba ɗaya, kowace gaɓa da filinta. Filin hannu yana maƙwabtaka da filin fuska. Da hannu ya daina aiko saƙo, sai saƙon fuska ya riƙa tsallakawa cikin filinsa.

BABA: Maƙwabci ya ga fili babu mai shi, ya matso da katanga.

AUTA: Shi ke nan, ka ma fi ni iya faɗa! Hannun ya tafi, amma filinsa yana nan. Kai yana ta ba da umarni a buɗe, ba ya samun amsa, sai ya ci gaba da riƙe shi a yadda ya san shi.

BABA: Ikon Allah. To ba hauka ba ne?

AUTA: Ko kusa. Kuma akwai abin da muke gwadawa. Madubi.

BABA: Me zan duba?

AUTA: Madubi! Na kallon fuska!

BABA: Auta, asibiti kike aiki ko wurin boka?

AUTA: Da idona na ga ya yi wa wani direba aiki. Ba kowa yake yi wa ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ba allura, ba ƙwaya, me za ka rasa? Tashi ka shiga ɗakin Mama. Kabad ɗin kayan nan da ka haɗa mata, mai madubi a jikin ƙofa.

BABA: Yanzu?

AUTA: Yanzu. Hutuna ya kusa ƙarewa.

BABA: Mutum da furfurarsa a sa shi wasan yara. To ga ni na shigo. Kai, dubi yadda ta cika shi da kaya, ƙofar ma ta soma saki. Wannan fata ɗin da ke riƙe ƙofar sai an ɗaure shi.

AUTA: Bar fata yanzu. Ka sa wayar a sifika ka ajiye a kan gado.

BABA: Wanne ne sifikar? Da hannu ɗaya fa nake… yauwa. Kina ji na?

AUTA: Kamar daga cikin rijiya, amma ina ji. Jawo kujera. Buɗe ƙofar kabad ɗin ta tsaya a miƙe, bakinta yana kallon tsakiyar ƙirjinka, madubin yana ɓangaren dama. Cire agogo.

BABA: Da haƙori zan cire shi? Dakata. To, ya fita.

AUTA: Sa dungun a bayan ƙofar, inda ba ka ganinsa. Hannun dama a gaban madubi. Ka dunƙule shi kamar yadda kake jin na hagun. Sai ka leƙa cikin madubin, kar ka kalli hannun gaske.

BABA: La ilaha illallahu.

AUTA: Mene ne?

BABA: Ga shi nan. Auta, ga hannuna nan. Biyu nake gani.

AUTA: Yi numfashi, Baba. Kar ka ɗauke ido. Yanzu ka buɗe su tare, a hankali, duka biyun.

BABA: Na buɗe. Na madubin ya buɗe, amma nawa yana nan a dunƙule. Kin gani? Aikin banza.

AUTA: Sauri ka yi. Sake.

BABA: Na ce miki…

AUTA: Kai da kake sa yaro ya goge katako ɗaya har sai ya ga fuskarsa a ciki, shi ne za ka tashi daga gwaji ɗaya? Sake dunƙulewa. Wannan karon ɗan ƙaramin yatsa kaɗai za ka ɗaga.

BABA: Yarinyar nan. To. Ina ɗagawa. Ina… tsaya. Tsaya!

AUTA: Baba?

BABA: Yi shiru mana! Ya motsa. Wallahi ƙaramin ya ɗaga, farcen ya fita daga naman. Ga na kusa da shi ma yana bi. Wayyo Allah. Tun ranar da aka fito da ni daga ɗakin tiyata ban ji iska a wurin nan ba.

AUTA: Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi, Baba.

BABA: Kuka kike yi? Ke da kika ce kin saba gani?

AUTA: Mura ce. Ka ji, zai iya komawa ya dunƙule an jima, kar ranka ya ɓaci. Kullum za ka riƙa yi, safe da yamma, kaɗan-kaɗan. Ƙwayar nan kuma ba za ka ƙara ko ɗaya a kan ƙa'ida ba sai mun je ka ga likitanka. Na nemi izini, ina zuwa ƙarshen mako.

BABA: Na tsakiya ya saki. Saura manuni da babban. Babban nan ya kafe kamar tsohuwar ƙusa.

AUTA: Baba, ka ji abin da na ce? Kar ka gajiyar da kanka. Ana kirana, an kawo mara lafiya.

BABA: Je ki, je ki yi aikinki. Ni da babban yatsan nan ne yau, sai ɗayanmu ya gaji. Ƙofar ce take ta rawa tana ɓata min. Maman yara! Maman yara! Bar wankin nan ki zo ki riƙe min ƙofa!

AUTA: Baba, kaɗan-kaɗan na ce fa!

BABA: A'a, ba maciji ba ne, zo dai! Goge hannunki, kar ki jiƙa min madubi. Tsaya nan ta bayana ki leƙa. Hannu nawa kike gani?

AUTA: Baba? Mama? Ku ɗauki wayar mana, ku… Baba!