Ni Na Gicciye Iccen a Bayan Keke

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, wanda bai gaji da ni ba. Iyaye da 'yan'uwa, salama gare ku.

Ni ce Rahila matar Ishaya, mai suyar ƙosai a bakin tashar Sabon Birni. Wanda ya san ni ya san bakina. Na haura arba'in ban san baƙi ba, sai da matar fasto ta zaunar da mu ajin yaƙi da jahilci. Wannan takarda da hannuna na rubuta ta, kwana tara ina fama. In na yi tuntuɓe wajen karantawa, ku yi haƙuri.

Bara waccan, gab da damina, rufin madafata ya zube. Muka tafi Kurawa wurin ƙanen maigidana, ya ba mu icce biyu dogaye. Ishaya ya ce zai ɗaure su bin tsawon keken, ya riƙa turawa a ƙasa har gida.

Na ce, "Turawa? Sai rana ta faɗi muna hanya? Kauce, Malam!"

Na karɓe robar ɗaurin, na gicciye iccen a bayan keken, na ɗaure tamau. Ya dubi iccen, ya dube ni, ya ce, "Rahila, wanga ya cinye hanya." Na ce hanyar ba ta uban kowa ba ce. Kun san Ishaya, bai iya musu ba. Ya hau, ni kuma na biyo shi a ƙasa da ƙullin gero a kai.

Wurin da abin ya faru rairayi ne dama da hagu, sai ɗan siririn wuri mai tauri a tsakiya. Wani ɗan kabu-kabu ya wuce ni. Ba gudu yake ba, yau na faɗa a gaban Allah. Ya danna oda tun daga nesa. Ishaya ya karkata don ya ba shi hanya, sai bakin iccen ya juyo ya doki kan mashin ɗin. Duka biyun suka zube.

Na yar da geron na sheƙo. Mijina yana kwance, cinyarsa ta karye, yana kiran sunana. Kun san abin da na fara taɓawa? Ba mijina ba. Robar! Na kwance ta, na ja iccen na shimfiɗe su a gefen hanya bin tsawonta. Sannan na ɗora hannu a kai na kurma ihu.

Kun san yadda muke a hanya. In mashin da keke suka haɗu, ba a tambaya, mai inji shi ke da laifi. Mutane suka taru a kan mutumin. Sunansa Mamman, ɗan Kamarawa, magidanci mai mata da 'ya'ya uku. Wuyan hannunsa ya goce, bakinsa yana jini, amma ba wanda ya dube shi sai da zagi.

A gaban maigari na ce gudu yake kamar mahaukaci, na ce iccen a miƙe suke. Mamman ya buɗe baki, na danne shi da murya. Ya sake buɗewa, na sake dannewa. Ishaya kuwa yana wurin maɗori, ba a tambaye shi ba.

Aka yanke cewa tunda ya kwantar da mai gona, shi zai nome mana gonar gero damina guda. Wanda ya ba shi hayar mashin ɗin ya karɓe abinsa. 'Yan tasha suka sa masa suna Mai-karya-tsoho, aka daina ba shi mashin ko na aro.

Ya zo kuwa. Kullum da hantsi zai tsaya a ƙofar gida ya yi sallama. "Inna, ina kwana? Ya jikin Baba?" Sai ya saɓa hauya da hannu guda ya tafi. Na gan shi sau da dama yana ɗaure ƙotar hauyar a damtsensa da tsumma, don yatsun ba su riƙewa. Ko ruwa ban taɓa miƙa masa ba. Ba ƙinsa nake ba, 'yan'uwa. Fuskarsa ce ba na iya dubawa.

Geron ya yi kyau, muka ci. Ni dai ban taɓa jin daɗin tuwonsa ba. Iccen nan biyu suna jingine bayan ɗaki, na ƙi a ɗora su, ina girki rana na dukana. Na rame. Na dinga faɗa da masu sayen ƙosai ba dalili. A asibiti aka ce jinina ya hau. Ina zuwa sujada, ina rera waƙa fiye da kowa, amma ƙirjina kamar an aza dutsen niƙa.

Wata Alhamis da la'asar, a zumuntar mata, shugabarmu ta ce, "Maman Dauda, ki yi mana addu'a don ƙafar maigidanki." Na durƙusa. Na ce, "Ya Uba." Shi ke nan. Bakin nan da ya rufe fadar maigari ya ƙi buɗuwa! Mata suna jira, ni kuwa ba abin da nake gani sai hannun Mamman da tsummansa. Ina roƙa wa ƙafa guda waraka, alhali na taka hannu guda na wuce. Kuka ya ƙwace mini. Abin da ya fito kawai shi ne, "Yesu, ni ce. Ni na ɗaure, ni na kwance." Nan take na ji an ɗauke dutsen. Haleluya!

Na koma gida na durƙusa gaban Ishaya. Ban gama ba ya ce, "Ina kwance ina kallonki, Rahila. Ni ma na yi shiru, kuma ni na yarda na hau. Laifin namu ne mu biyu. Kullum ina roƙon Allah ya buɗe ɗayanmu, na san kuwa ke kin fi ni ƙarfin baki." Ya ɗauki sandarsa. "Tashi mu tahi."

Washegari muka je fadar maigari, aka kira Mamman da shugaban 'yan kabu-kabu. Na faɗi komai da muryar da na yi ƙaryar da ita, ban rage ba. Maigari ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce, "Ke, kin ko san abin da kika sa muka yi?" Na ce na sani, ranka ya daɗe.

Na juya wurin Mamman na ce ya yafe mini. Ya ce, "Inna, ai na gan ki kina jan iccen."

"To mi ya hana ka faɗi?"

"Na faɗi har sau biyu. Wa ke jin wani in kina magana?"

Fada ta fashe da dariya, ni ina kuka. Mamman ya ce, "Na yafe, duniya da lahira. Suna kawai nike so a cire mini, don har ɗiyana ana kira da shi a makaranta."

Shugabansu ya ce za a cire, za a kuma nema masa mashin. Amma da aka ba shi, mutane suka ƙi hawa, sun ga hannun. Sai na rufe kaskona ranar kasuwa, na tsaya tsakiyar tasha na ƙwala kira, "Mamman! Zo ka kai ni Isa!" Ba abin da za ni yi a garin Isa. Muka je muka dawo, kowa yana kallo. Ya ce, "Inna, ki riƙe da kyau." Na ce, "Kai dai dubi gabanka."

Hannunsa bai koma daidai ba, ba kuwa zai koma ba. Wannan za ni ɗauke shi har kabarina. Daminar bana ni da ɗana Dauda muka nome masa gonarsa, ba wanda ya yanke mana. Shi kuma ya zo ya ɗora mini iccen a madafa, Ishaya na zaune a ƙasa yana nuna masa da sanda.

Na gode wa Ubangiji da ya rufe mini baki a ranar da ya dace, ya kuma buɗe shi. 'Yan'uwa, in akwai abin da kuka kwance kafin mutane su iso, kada ku kai shekara kamar ni. Ku kai wa Yesu, ku amince da shi, sannan ku je wurin mai shi. Kunyar ba ta kisa, ga ni tsaye.

Yau ma Mamman ya kawo mu, ni da Ishaya da sandarsa, kuma shi zai dawo ya ɗauke mu in an tashi. Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin.